Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Manyan Cibiyoyin Binciken Kimiyya Na Duniya

Zuwa ga shugabanni da majalisun gudanarwa na manyan cibiyoyin bincike na haɗin gwiwa, da gwamnatocin da ke ɗaukar nauyinsu.

Masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin jami'a ne a nahiyar Afirka, kuma aikina shi ne binciken siffar ƙwayoyin furotin, wato yadda aka gina su daga ƙwayar zarra zuwa ƙwayar zarra, don a gane inda magani zai iya kama su. Abu ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami. Kullum kuna cewa ƙofofinku a buɗe suke ga kowane masani, ko daga ina ya fito, muddin aikinsa ya cancanta. Na yarda da gaske kuke. Sai dai hanyar da za ta kai mutum bakin ƙofar a toshe take ga mafi yawan masanan duniya, kuma da yawa daga cikin abubuwan da suka toshe ta kuna da ikon kawar da su.

Tun da wannan wasiƙa buɗaɗɗiya ce, ku ba ni dama in yi wa sauran masu karatu bayanin irin wuraren da muke magana a kansu. Akwai na'urorin da jami'a ɗaya ba za ta iya ginawa ba, wasu ma ƙasa guda ba ta iyawa. Babbar na'urar karo da ƙwayoyin zarra ta cibiyar CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, zobe ce mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, a can aka tabbatar da ƙwayar Higgs a 2012. Wadda ta fi shafar irina ita ce sinkirotoron, na'urar da ke juya elektron a cikin zobe da gudu kusa da na haske, har su riƙa fitar da hasken eksire mai ƙarfin da ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba. Da wannan haske ake ganin cikin furotin, da cikin batir yana aiki, da yadda ƙarfe mai guba ya zauna a cikin ƙasar noma, da abin da ke ɓoye a cikin ƙashin da ya shekara miliyoyi. Akwai irin waɗannan na'urori wajen 50 a duniya. A Afirka babu ko ɗaya. Lokacin da aka so duba cikin ƙoƙon kan Australopithecus sediba, wani tsohon dangin ɗan Adam da aka tono a Afirka ta Kudu, sai da aka ɗauke shi zuwa cibiyar sinkirotoron ta ESRF da ke Grenoble a Faransa a 2010.

Ba ni na ƙirƙiro ƙa'idar buɗe ƙofa ba, magabatanku ne. Yarjejeniyar da ta kafa CERN a 1954 ta ce cibiyar ba ruwanta da aikin soja, kuma sakamakon bincikenta za a wallafa shi kowa ya gani. A 1980 kwamitin ƙasa da ƙasa na ICFA, mai kula da na'urorin karo da ƙwayoyin zarra, ya fitar da ƙa'idojin da suka ce ingancin kimiyya ne zai yanke wanda za a ba dama, ba ƙasar da mutum ya fito ko jami'arsa ba, kuma kada a ɗora wa masu gwaji kuɗin tafiyar da na'ura. A 1993 CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga duniya, ita ce ma ta sa ake karanta wannan wasiƙa a yau. A Nuwamban 2021, ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarar buɗe kimiyya, wadda ta ambaci kayan aikin bincike na haɗin gwiwa ƙarara. Saboda haka ba sabon alkawari nake nema ba. Wanda kuka riga kuka ɗauka nake roƙon a cika.

To, mu bi hanyar daki-daki, kamar yadda mai bincike daga ƙasar da ba mamba ba yake bin ta.

Farko sai ya rubuta takardar neman lokaci. A yawancin wurare sau biyu a shekara ake karɓa, kwamitin masana ya zauna ya auna, ya raba lokacin a gutsure-gutsuren awa takwas-takwas. Masu nema sun fi lokacin yawa, saboda haka ana faɗuwa, kuma ba wanda ya isa ya yi ƙorafi a kan haka. Amma wace takarda ce ke ci? Wadda mai ita ya san na'urar, ya san abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ya haɗa da sakamakon gwajin farko, ya lissafa ayyukan da ya taɓa yi a wurin. Wanda bai taɓa zuwa ba ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba za a ba shi dama ba sai ya nuna ƙwarewa, ba kuma zai samu ƙwarewa ba sai an ba shi dama. Wannan kulli yana kwancewa, an ma gwada. Daga 2018 masu raba lokacin na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble suka fara ɓoye sunayen masu nema daga idon masu tantancewa, sai ga shi waɗanda ba su taɓa samu ba sun fara samu fiye da da. Ina roƙon duk cibiyar da ba ta ɗauki wannan tsari ba ta ɗauka. Ina kuma roƙon a ware ɗan kaso na lokaci, ko yaya ƙanƙantarsa, ga masu zuwa karon farko, a haɗa kowannensu da ma'aikacin na'ura tun yana rubuta takarda, ba sai ranar da ya iso ba.

Mu ce ya ci. An turo masa saƙo cewa an ba shi kwana biyu a wata kaza. Daga nan ne wahalar gaske ke farawa, kuma ita ce ba ta shiga rahotanninku na shekara.

Wata ɗalibata mai neman digiri na uku ta taɓa samun irin wannan dama. Ta kwashe watanni tana rainon ƙwayoyin kiristal na wani furotin na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san irin haƙurin da yake ci: ɗigon ruwa da bai kai kan allura ba, a rufe a faranti, kullum ka leƙa a madubin ƙara girma ka ga babu komai, sai wata safiya ka ga ɗan abu mai kusurwa yana ƙyalli. Ta kamo su ɗaya bayan ɗaya da ɗan zare mai madauki, ta tsoma a ruwan naitirojin, ta jera su. Takardar gayyata ta zo da hatimin cibiya. Amma ranar da ofishin jakadanci ya ba ta don ganawa ta faɗo bayan ranar gwajin. Mun rubuta, mun kira, mun tura takardar gayyatar. Amsar ita ce kowa layi yake bi. Lokacin nata ya wuce, aka ba wani, kuma daidai ne a ba wani, don ba a barin na'ura irin wannan tana aiki a banza. Ita kuwa karatunta ya ƙaru da kusan shekara, alhali kuɗin tallafinta bai ƙaru ba.

Na san ba ku ne ke ba da biza ba. Amma ku ba ƙananan mutane ba ne a idon gwamnatocinku. Ƙasashen da ke zaune a majalisunku su ne ƙasashen da ofisoshin jakadancinsu ke hana mu. Ma'aikatar kimiyya ta kashe kuɗi ta gayyaci mutum, ma'aikatar harkokin waje ta ƙasa ɗaya ta tsayar da shi, an ba shi da hannun dama an karɓe da na hagu. Kuɗin neman bizar Schengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ya kai Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ba a kuma mayar wa wanda aka hana, kuma alƙaluman Tarayyar Turai da kanta suna nuna cewa masu nema daga Afirka sun fi sauran jama'a fuskantar ƙi. Abin da nake nema mai sauƙi ne. Mutumin da kwamitin masana ya tantance, cibiya ta sa masa rana, a ba shi layi na daban da amsa cikin kwanaki ƙidayayyu. Wanda ya zo sau ɗaya ya koma gida lafiya, a ba shi biza ta shekaru mai shiga da fita, domin gwaji ba ya ƙarewa a zuwa ɗaya. Ku sa wannan a ajandar taron majalisunku, inda wakilan gwamnatoci ke zaune, a matsayin matsalar cibiya, ba matsalar baƙo shi kaɗai ba.

Sai kuɗin tafiya. Lokacin na'ura kyauta ne ga duk wanda zai wallafa sakamakonsa, kuma wannan alheri ne babba. To amma a wurare irin ESRF, masu zuwa daga ƙasashen da ke biyan kuɗin cibiya ana mayar musu da kuɗin tafiya da masauki, na waje kuwa ya nemo da kansa. Na fahimci dalilin, masu biya ne ke cin moriyar abin da suka biya. Sai dai sakamakon shi ne wanda ke da tallafi mai kauri, wanda jirgin ƙasa na 'yan awoyi zai kai, shi ake biya wa, wanda kuma tikitin jirgin samansa ya fi albashinsa na watanni shi ne zai biya daga aljihunsa. Idan aka kwatanta da abin da kwana ɗaya na tafiyar da na'urar ke ci, tikitin mutum biyu ba komai ba ne. Ƙaramin asusu na dindindin a kowace cibiya zai wadatar.

Wasunku za su ce ai yanzu ba sai an zo ba, a turo samfur kawai. Gaskiya ne, kuma annobar korona ta nuna haka. A 2020, lokacin da iyakoki suke rufe, cibiyoyin sinkirotoron irin su Diamond a Ingila sun ci gaba da aiki a kan furotin ɗin ƙwayar cutar, mutum-mutumi yana ɗora samfur, mai bincike yana sarrafawa daga kwamfutarsa a gida. Wannan hanya ta taimake mu, ina roƙon kada a rage ta. Amma ita ma da nata tarkon. Tulun da ake tura kiristal a ciki yana riƙe sanyi na kwanaki ne kawai. Idan jami'in kwastam bai taɓa ganin irinsa ba, ya ajiye shi a gefe yana jiran takarda, ko aka kwantar da shi a sito maimakon a tsayar, sanyin ya tafi, aikin watanni ya narke ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Takarda ɗaya da hukumomin kwastam da kamfanonin dako suka sani, wadda cibiya za ta fitar da sunanta, za ta ceci samfura masu yawa. Haka kuma gwaji ɗaya kan haifar da bayanan da layin intanet ɗin jami'o'inmu da yawa zai kwana da kwanaki bai gama saukewa ba. Ku bar mana bayanan a kwamfutocinku, ku ba mu damar sarrafa su a can.

Duk da haka, turo samfur ba zai taɓa maye gurbin zuwa ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so ku ji. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin gwaji ya san abin da nake nufi. Ka shiga ɗaki mai bangon dalma, ka daidaita samfur, ka zagaya ka tabbatar ba kowa a ciki kana danna maɓallan bincike ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa tana kaɗawa, ka ja ƙofa mai nauyi ka rufe, sannan a saki haske. Wajen ƙarfe uku na dare abu ya ƙi, ɗigogin da ya kamata su fito tsaf a allo suka fito a dagule. Ma'aikacin na'ura ya zo, ya duba, ya ce a rage ƙarfin hasken, samfurin ne ke ƙonewa, a matsa zuwa wancan gefen kiristal ɗin. A minti goma ɗalibi ya koyi abin da babu littafin da zai koya masa. Wanda ke turo samfur kawai zai samu sakamako, amma ba zai zama mai iya tsara gwaji ba, balle mai iya gina na'ura. Idan muka tsaya a nan, za mu dawwama muna masu kawo kaya, wasu suna masu sani.

An daɗe da sanin maganin wannan. Abdus Salam, wanda ya bar Pakistan saboda kaɗaicin da ya samu kansa a ciki a matsayin masanin fiziks, ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, ya kuma fito da tsarin da malami zai ci gaba da zama a jami'arsa ta gida amma ya riƙa zuwa cibiyar lokaci-lokaci tsawon shekaru. Hikimar ita ce mutum ba sai ya zaɓi tsakanin ƙasarsa da iliminsa ba. Shirin LAAAMP yana tura malami da ɗalibinsa su yi wata biyu a sinkirotoron. Shirin START ya haɗa masu bincike na Afirka da cibiyar Diamond, ya kuma horar da matasa da dama. Matsalar irin waɗannan shirye-shirye ita ce gajeren rai. Suna rayuwa a kan tallafin shekara uku ko huɗu, kuma da Birtaniya ta rage kuɗin agajinta na waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigarta a 2021, asusun da ke ɗaukar nauyin irin wannan haɗin gwiwa na cikin waɗanda abin ya shafa. Gina rukunin bincike yana cin shekara goma. Horarwa ta shiga kasafin cibiya na yau da kullum, kada ta zama abin da ake yi idan an samu rarar kuɗi.

Akwai wata ƙofar da ake rufewa da gangan, ita ce ta siyasa, kuma ba zan tsallake ta ba duk da nauyinta. Bayan mamayar Yukiren, CERN ta kawo ƙarshen yarjejeniyarta da Belarus da Rasha a 2024, ɗaruruwan masana da ke aiki a ƙarƙashin cibiyoyin Rasha suka rasa damar shiga. Ban raina dalilin ba. An yi ruwan wuta a kan cibiyar fiziks ta Kharkiv a 2022, kuma masanan Yukiren sun rasa ɗakunan gwaji, wasu sun rasa rayuka. Gwamnati tana da hukuncinta. Amma ina tuna muku cewa a 1967, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, CERN ta ƙulla yarjejeniyar aiki da Tarayyar Sobiyet, kuma duniya ba ta yi nadamar haka ba. Roƙona shi ne duk lokacin da za ku yanke hulɗa da wata gwamnati, ku bar wata hanya ga mutum ɗaya ɗaya, musamman ɗalibin da ke tsakiyar aikinsa, wanda bai zaɓi yaƙi ba kuma ba a tambaye shi ba. Haka nan batun tsaron bincike da ake ta faɗaɗawa yanzu: a binciki abin da mutum zai yi, kada launin fasfonsa ya zama hukunci tun kafin a karanta takardarsa.

Wanda ke ganin wannan mafarki ne ya dubi cibiyar sinkirotoron ta SESAME a garin Allan na ƙasar Jodan, wadda aka buɗe a watan Mayun 2017. A majalisarta Iran da Isra'ila suna zaune, da Falasɗinu, da Turkiyya da Sayifurus, da Masar da Pakistan da Jodan. Wasunsu ba su da hulɗar jakadanci da juna. Jamus ta ba da sassan tsohuwar na'urarta ta BESSY I, Tarayyar Turai ta ba da kuɗin maganaɗisun zoben, CERN ta jagoranci ƙera su, kuma a 2012 Iran da Isra'ila da Jodan da Turkiyya kowacce ta yi alkawarin dala miliyan 5. Aikin ya ci kusan shekara ashirin, ya sha tangal-tangal, amma ya tsaya, har a 2019 ya koma aiki da wutar lantarki daga hasken rana. Kafin a kunna na'urar an riga an shafe shekaru ana tura matasan yankin horo a cibiyoyinku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu ministocinku: me ya sa mai biyan haraji a ƙasarmu zai ɗauki nauyin wanda gwamnatinsa ba ta sa ko sisi ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma rabin amsarta ba a wurinku take ba. Saboda haka bari in juya ga gwamnatocin nahiyarmu, tun da su ma wasiƙar za ta iske su. Shugabanninmu sun amince a Tarayyar Afirka cewa za a riƙa kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikin ƙasa a kan bincike, kuma kusan duk ƙasashenmu ba su kai ba. Afirka ta Kudu ta shiga ESRF a 2013 tana biyan kasonta, masananta suna zuwa da haƙƙi ba da roƙo ba. Maroko tana cikin gwajin ATLAS na CERN tun 1996. Birazil ta gina sinkirotoron ɗinta na farko da hannun injiniyoyinta, ta buɗe shi a 1997, yau kuma tana da Sirius a Campinas, ɗaya daga cikin mafi inganci a duniya. Chile ta ba da tsaunukanta aka kafa manyan na'urorin hangen sama, amma ta sa sharaɗin kashi 10 cikin ɗari na lokacin kallo ga masananta. Taron farko na neman sinkirotoron na Afirka an yi shi ne a Grenoble a 2015, kuma har yau maganar tana jiran gwamnatocin da za su sa hannu a aljihu. Ƙasashe biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sayi kaso a wata cibiya da ke aiki, ko su gina layin gwaji guda nasu a jikinta, tun kafin a kai ga gina zobe.

Ɗaya rabin amsar kuwa ita ce ba hannu rabbana muke zuwa ba. Cututtukan da muka fi kowa sani, da ma'adinan da ake ƙera batir da su, da ƙasusuwan asalin ɗan Adam, da sararin sama mai tsabta, da yawansu a wajenmu suke. Na'urar hangen sama ta SKA ana gina rabinta a yankin Karoo na Afirka ta Kudu, ɗaya rabin a Yammacin Ostireliya, kuma nan gaba masananku ne za su nemi lokaci a kanta. Yadda kuka karɓi baƙo yau zai zama abin koyi ga yadda za a karɓe ku.

Buƙatata ta ƙarshe ba ta cin kuɗi. Kowace shekara kuna wallafa yawan takardun da aka karɓa da yawan waɗanda suka ci. Ku ƙara layi biyu a rahoton: mutum nawa daga ƙasashen da ba mambobi ba aka ba lokaci, kuma nawa daga cikinsu suka kasa zuwa, tare da dalili, biza ce ko kuɗin tafiya ko samfur ne ya lalace a hanya. Ofisoshin da ke karɓar baƙinku suna da waɗannan bayanai a cikin saƙonnin da muke turo musu na ba da haƙuri. A tattara su, a ajiye a gaban majalisa a zamanta na gaba.

Na gode da sauraro.

Naku,
Malamin jami'a mai binciken siffar furotin, daga Afirka.